Yatsu Huɗu na Yashi

Idan ka shiga Gwandu ka tambayi Haliru, za a ce maka wanne, don sun kai goma. Amma ka ce Haliru Mai Huda, ko mai rake na bakin tasha zai nuna maka lungunsu. Mai sa tayil ne, yau shekara ashirin da 'yan kai. To, masu sa tayil kam sun yi yawa yanzu, kowa ya sayi injin yanka ya rataya tef a wuya sai ya ce shi ma oga ne. Yanka miƙaƙƙe kowa ya iya. Inda ake gane mutum shi ne wurin da bututun ruwa ya leƙo daga bango, ko gindin ginshiƙi, ko bakin masai, inda dole tayil ya lanƙwasa ko a huda shi a tsakiya. Nan za ka ga ƙato yana zufa, ya fasa ɗaya, ya fasa biyu, a ƙarshe ya yanka mai kusurwa huɗu ya cusa siminti a gefe, ya ce wai haka ake yi. Ƙarya yake, ba haka ake yi ba.

Je ka ga Haliru yana huda. Zai ɗauko bakin huda, wani ƙarfe mai kama da ƙaramin kofi wanda aka barbaɗa wa ƙwayoyin daimon a leɓe, ya ɗaura a injin. Kafin ya kunna, sai ya kwance wani jiƙaƙƙen tsumma daga jakarsa, ya gutsuro yumɓun da ke ƙunshe a ciki, ya murza shi a tafin hannu, ya kewaye wurin da zai huda kamar ana yi wa shuka kwari. Ya zuba ruwa a ciki. Ruwan nan shi ke hana daimon ƙonewa, shi ke hana tayil tsagewa. Sannan ya karkata injin, ya bari leɓe ɗaya ya fara cizo, a hankali ya miƙe shi tsaye. Ba ya dannawa. Yakan ce wanda ya danna, gaggawarsa ce za ta fito a bayan tayil. Minti biyu, uku, sai ka ga ɗan kewayayyen guntu ya faɗo, rami ya fito sumul, bututu ya shige ko reza ba za ta ratsa gefensa ba.

Wannan maganar reza ita ce takensa. Shi da kansa yake faɗa, kuma ba ya jin kunya: "Kawo reza ka gwada. In ta shiga, ban iya ba." Ana yi masa tsiya da shi a majalisa, yana dariya, don ya san ba wanda ya taɓa kawo rezar ta shiga.

Yumɓun nan da yake yawo da shi na Kambaza ne, garin da aka haife shi. Mahaifiyarsa, Kubura, maginiyar tukwane ce. Ba ta da wani abin juyi. Takan kafa curin yumɓu a ƙasa, ta sunkuya, ta yi ta zagaya shi da baya da baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har randa ta tashi ta kai mata ƙugu. Haliru ya tashi yana kallon wannan zagayen, idonsa ya koyi kewaye tun bai koyi karatu ba. Sai dai da ya girma abin ya riƙa yi masa ciwo, don abokai na kiransa ɗan mai tukwane. Yana shekara goma sha tara ya tattara ya tafi Birnin Kebbi koyon aikin tayil, yana cewa shi abin da zai yi ba zai fashe don akuya ta ture shi ba. Kubura ba ta hana shi ba. Ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Da aka gama zaman makoki ya duba gidan, ya tarar ko tukunya ɗaya ta hannunta ba ta rage ba. Masu kyau duk an sayar tun tuni, na gida kuma sun farfashe, robobi sun maye gurbinsu. Ranar ya ji abin a ransa ƙwarai, bai gaya wa kowa ba, ko matarsa Ruƙayyatu. Tun daga nan ne ya fara zuwa ramin da take ɗibar yumɓu yana cika tsummansa.

To, azumin da ya faɗo tsakiyar bazara, aka kira shi aiki Kalgo. Mai aikin sunansa Abdulrasheed, mai sayar da shinkafa ne, Allah ya buɗa masa, ya ƙudurta sai ya gyara sashen mahaifiyarsa kafin Sallah. An gama ɗaki da bayi, saura rumfar tsakar gida. A nan aiki ya tsaya cik, saboda a kusurwar rumfar akwai wata tsohuwar randa da aka binne har kafaɗa cikin yashi, shekara arba'in da wani abu tana nan. Abdulrasheed ya sayo firji, yana son a tone randar a shimfiɗa tayil daga bango zuwa bango. Tsohuwar kuwa, Inna Rabi, ta ce a'a.

Haliru ya iso da hantsi ya same su suna kai. Inna Rabi na zaune a tabarma, 'yar siririya, carbi a hannu, ƙullin kayanta a gefe, wallahi har ta ɗaure. Da yake Abdulrasheed ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, sai ta dubi Haliru tana nuna ɗan da haɓa.

"Malam mai tayil, ka hwaɗa wa wancan. Wagga randa in an tone ta, hwashewa za ta yi, ta tsufa. Ran da ta bar wurin ga, ni ma na bar gidan ga. Diggi zan koma wurin ƙanena, can ba a raina mini ruwa."

"Haba Inna," in ji Abdulrasheed, murya ƙasa ƙasa. "Ga firji na kawo miki."

"Firjinka da ke kwana da wuta, ya tashi babu? Ruwan nan mai sa haƙori tsami? Ka sha abinka."

Abdulrasheed ya ja Haliru gefe. Ba mugun ɗa ba ne, gajiya ce ta kama shi. Ya ce masu tayil biyu sun zo sun duba, duka sun ce sai dai a tone, ko a bar wurin da siminti tsirara kamar faci a sabuwar riga. Ya ce tayil ɗin ma irinsa ya ƙare a kasuwa, daidai na rumfar ya rage, ba rara. "Ni dai kada Inna ta bar gidan nan da azumi a baki. Me zan ce wa mutane? Me zan ce wa Allah?"

Haliru ya je ya tsuguna gaban randar don ya auna. Ya ɗaga marfin, ya shafa leɓenta, sai yatsansa ya faɗa cikin wani ɗan lotsi a ƙarƙashin leɓen. Ya matsa kaɗan, ga na biyu. Ga na uku. Lotsi uku a jere da babban yatsa, alamar Kubura ke nan, kowace tukunya ta gina sai ta danna mata su kafin ta bushe. Ya daɗe a tsugune, tef a hannu, bai auna komai ba. Da ya miƙe bai ce uffan a kan abin da ya gani ba, sai cewa ya yi, "Alhaji, ba za a tone ta ba. Zan kewaye ta."

Ranar Haliru ya yi aiki kamar ana kallonsa daga sama. Randar ba ta cika kewaye daidai ba, tana da ɗan ciki ta gabas, don haka bai yi amfani da ƙusa da zare ba. Takardar buhun siminti ya samo, ya yi ta gutsura yana gwadawa a jikinta har takardar ta kwanta mata ta ko'ina, sannan ya zana a kan tayil huɗu, kowanne da rabonsa na lanƙwasa. Ya ɗora faifan daimon a injin yanka, ya tsattsaga wurin da za a cire siriri siriri kamar haƙoran mataji, ya karya su ɗaya ɗaya da filaya, ya goge bakin da gefen faifan har ya yi santsi. Don kada siminti ya taɓa randar, ya kwashe yashin da ke gefenta, ya naɗe cikinta da leda, ya zuba kwaɓi ya daddale. Da ya kwantar da tayil huɗun nan, sai ka rantse randar tsirowa ta yi daga cikinsu. Abdulrasheed ya ɗauki hoto ya yi ta tura wa abokai. Inna Rabi ta kwance ƙullin kayanta. Haliru ya hau babur ya koma Gwandu yana jin kansa ya kusa taɓa gajimare.

Kwana uku aka yi, sai ga kiran Abdulrasheed da sassafe. "Malam Haliru, ka zo. Inna ta sake ɗaure kaya."

Ya same ta a tabarmar nan dai, fuska a murtuke. Ko gaisuwarsa ba ta bari ya ƙarasa ba.

"Sa hannunka ciki."

Ya sa. Ruwan ɗumi ne, kamar wanda ya kwana a jarka cikin rana.

"Jiya da shi na buɗe baki. Shekaranjiya ma haka. Shekara arba'in wagga randa ba ta taɓa ba ni ruwan ɗumi ba, ko a tsakiyar bazara. Ka shaƙe ta, ɗan nan. Ka yi mata ado ka shaƙe ta. Wadda ta sayar mini da ita, cewa ta yi in bar mata yatsu huɗu na yashi ko ta ina, in riƙa jiƙa shi safe da yamma. Ta ce in na shayar da ita, za ta shayar da ni. Kai ina ka kai yashin?"

Kunya ta lulluɓe Haliru tun daga kai har ƙafa. Maganar nan ya san ta. Ya ji ta sau ɗari yana yaro, a bakin kasuwa, duk sanda aka sayi randa. Randa zufa take yi, jiƙaƙƙen yashi da iska su ke ɗauke mata zafi. Mai tayil na Birni in ya yi wannan kuskure ba laifi, bai sani ba. Amma shi? Ɗan Kubura? Neman kada reza ta shiga ne ya rufe masa ido, har ya naɗe randar uwarsa da leda kamar sauran tuwo.

Abdulrasheed ya ce, "To ko dai a haƙura a tone?"

"A'a, Alhaji. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Faɗi da baki kam da sauƙi. Tayil ya riga ya kama, siminti ya yi kwana uku, ba kuma wani tayil da za a sake. Dole a yanka shi a inda yake, yatsu huɗu daga jikin randar da ta tsufa ta yi laushi. Injin yanka kuwa in ya ci tura yakan yi tsalle, kuma girgizarsa kaɗai ta isa ta tsaga tsohon yumɓu. In randar ta fashe, Inna Rabi ta tafi Diggi, shi kuma ya fasa abu na ƙarshe da ya rage na hannun mahaifiyarsa, da hannunsa.

Abu na farko da ya yi, ya sa aka cika randar da ruwa fal. Wannan ma wurin Kubura ya ji, cewa tukunyar da ba komai a cikinta ita ke amsa bugu ta fashe. Ya jiƙa buhuna ya lulluɓe kafaɗarta. Ya jera yatsunsa huɗu a jikinta, ya zagaya yana zana layi da fensir, da baya da baya, bai ma lura da irin tafiyar da yake yi ba. Sannan ya ajiye injin yanka gefe, ya ɗauko na huda da ƙaramin baki. Dabararsa ita ce ya jera ramuka a kan layin, ɗaya na taɓa ɗaya kamar 'ya'yan carbi, don huda ba ta girgiza ƙasa kamar yanka.

Yana shirin kunna janareta, sai Inna Rabi ta taso ta ja kujera 'yar tsugune, ta zauna gaban randar, ta cusa tafukanta biyu ƙarƙashin buhun.

"Inna, ki matsa, ƙura da ƙara."

"Yi aikinka. In ta fara rawa ni zan ji kafin kai."

Haka suka wuni. Ya murza yumɓu, ya kewaye, ya zuba ruwa, ya huda. Ya ɗaga yumɓun, ya matsa gaba, ya sake. Rana ta take, rumfar kwano ta ɗauki zafi, ga azumi, ga shi yana ta tsiyaya ruwa a kan tayil maƙogwaronsa kamar an zuba toka. Jifa jifa tsohuwar takan ce "Tsaya," ya ɗaga hannu, a jira, ta ce "To," ya ci gaba. Ramuka hamsin da shida ya huda kafin layin ya haɗe. Ya yi azahar ya dawo, ya ɗauki ƙaramin faifai yana yanke 'yan haƙoran da suka rage tsakanin rami da rami.

A ta gabas, inda randar ke da ɗan cikin nan, faifan ya ci tura. Injin ya zabura. Haliru ya murɗe shi ta wajen kansa da duk ƙarfinsa, aka ji ƙwas! Ya kashe. Tsit, sai ƙugin janareta. Abdulrasheed ya dafe kai yana salati. Jini na bin bayan hannun Haliru na hagu inda ɓallin tayil ya yanke shi, amma ko kallonsa bai yi ba, fuskar Inna Rabi yake kallo. Ita kuma ta rufe ido, tana lalube ƙarƙashin buhun a hankali, ta zagaya, ta dawo.

"Ba ita ba ce," in ji ta. "Naka ne ya hwashe. Ɗaure hannun ka ƙarasa."

Guntun da za a cire dama shi ne ya tsage. Haliru ya ɗaure hannu da tsumma, ya ajiye inji gaba ɗaya. Sauran aikin da ƙaramar cizal, ƙarfen sassaƙa, ya yi, ba guduma, da tafin hannu yake bugawa, yana ɓantarar simintin kaɗan kaɗan yana kwashewa da cokali. La'asar sakaliya ya kai ga ledar, ya zare ta, ya dunƙule ya cusa a aljihu don kada ya sake ganinta. Ya goge bakin tayil da dutsen wasa har ramukan suka ɓace, kewayen ya fito sumul. Aka kawo yashin gulbi, ya cika zoben, ya jiƙa shi. Ya tsoma tsinken tsintsiya a randar, ya karya shi daidai inda ruwa ya tsaya, ya miƙa wa tsohuwar. In akwai tsaga a ƙasa inda ido ba ya gani, da safe ruwan zai sauka.

Washegari bai iya zama a Gwandu ba. Ruƙayyatu ta tambaye shi ko lafiya, ya ce aiki ne bai ƙare ba. Gab da magariba ya faka babur a ƙofar gidan. Ya tarar da Inna Rabi a rumfa, ba ƙullin kaya a gefenta. Ta tsoma tsinken a randar ta ɗaga masa, jiƙaƙƙe har bakin karayar, in ban da ɗan abin da randa kan sha. Ladan ya kira salla. Ta ɗaga marfin, ta tsoma moɗa, ta kai bakinta ta kurɓa. Ta sake cikawa ta miƙa masa.

Sanyin ya bi maƙogwaronsa har ciki, da ƙamshin ƙasar nan da ya yi shekara da shekaru bai ji ba. Ya shanye, ya riƙe moɗar ya kasa mayarwa.

"Inna, a ina kika sayi randar nan?"

"Kasuwar Gwandu. Biki na je garin Maruda, ina amarya, na biya kasuwa. Wata doguwar mata ce 'yar Kambaza, mai wushirya. A cinya na riƙo ta cikin mota har Kalgo." Ta yi 'yar dariya. "Ba na manta ta, don tana goye da wani jariri mai kukan tsiya. Ta ce duk tukwanenta ba wanda ya ba ta wuya kamar shi."

Haliru ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Inna. Sunanta Kubura. Ta rasu."

Tsohuwar ta dube shi. "Allah shi gafarta mata. Ai tun jiya na zarga, da na ga kana zagaya ta da baya. To me ya hana ka hwaɗi?"

"Kunya. Ɗanta ne ya shaƙe ta."

"Ɗanta ne kuma ya kwance ta. Miƙo moɗar, ƙara za ka yi."

Ya ƙara, hawaye na zuba a cikin moɗar, bai damu da Abdulrasheed na tsaye yana gani ba.

Har yanzu Haliru na nan Gwandu, yana huda, yana lanƙwasa, tabo a bayan hannun hagu. Ya yi manyan gidaje bayan wannan, har da masu bene. Maganar reza ce dai aka daina ji a bakinsa. In abokan majalisa suka tsokane shi, suka ce Mai Huda, ina rezar, sai ya ciro waya ya nuna musu hoton wata rumfa a Kalgo: tayil fari, zoben jiƙaƙƙen yashi, baƙar randa a tsakiya. Wani ya taɓa cewa, kai, wannan giɓin ai hannu ma zai shige. Haliru ya gyara zama, ya ce ƙwarai kuwa, yatsu huɗu ne cif, je ka auna. Sannan ya ƙara da abin da ya yi shekara ashirin bai faɗa da bakinsa ba: "Tayil ɗin nawa ne. Randar kuma uwata ta gina ta. Ni ɗan mai tukwane ne."